Kafin Ƙannenmu Su Ɗauki Danko

Jama'a, ƙwace wa yaro danko ba ya hana shi harbi, gobe zai ɗaure wani. Gara mu yayyensu mu koya musu. A Risala mun karanta cewa farauta don wasa makaruhi ce. Kurciyar da dutse ya kashe kafin a yanka ta kuwa mushe ce, Suratul Ma'ida aya ta 3 ta haramta. To, ƙannenmu nawa suka san haka? Bara a unguwarmu dutse ya kuskure tsuntsu, ya fasa idon wata yarinya. Don Allah mu riƙa raka su daji: ban da harbi kusa da gidaje, a ƙyale mai kwanci a sheƙa, a yi bisimilla a yanka. Allah Ya sa mu gyara.