Rawa ba a jini kaɗai take ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana cutar da al'adun ƙasar nan, wai ita rawa a jini take, ba ta buƙatar malami. Da wannan magana hukumomi ke wanke hannunsu. Sai ana saura kwana uku babban baƙo ya iso ake tuna da ƴan rawa, a tara su a gidan matasa, a ɗinka masu riguna iri ɗaya, a sallame su da ƴan jikkuna. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun asali rawar Hausa koyonta ake yi. Ɗan mahauci yana tashi da amon kalangu a kunne, ɗan maƙeri da na dundufa, manomi kuma ya san inda gangar noma ke son fartanya ta sauka. Kowace rawa na da takunta da kirarinta da lokacinta, kuma manya ne ke gyara wa yara ƙafa a dandali. Dandalin ne makarantar. Yau ya yi rauni, talabijin da wayar salula sun karɓe hirar dare, ba a kuma gina abin da zai maye gurbinsa ba.

Ɗaukar rawa daga dandali a kai ta gaban ƴan kallo wata sana'a ce dabam. Mai tsara rawa sai ya san yadda zai taƙaita wasan da ake kwana ana yi ya koma minti goma ba tare da ya kashe ma'anarsa ba. Sai ya san ƙirgar kiɗa, da shigar ƴan rawa da fitarsu, da jeri da kewaye, da yadda zai ɗumama jikin yara kada su ji rauni. Gwanin rawa ba lalle ne ya iya koyarwa ba.

Nijar ta taɓa fahimtar haka. Zamanin Seyni Kunce, samariya da bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, sun sa kowace jiha ta ɗauki watanni tana horar da tawagarta. Ko da yake siyasa ta yi amfani da su, sun haifi masana tsara wasa. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta rasa matsayinta, waɗannan masana kuma suna ta tsufa babu magada. A wasu ƙasashe an yi tanadi: Germaine Acogny ta shugabanci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977, daga baya ta kafa École des Sables a Sinigal, Salia Sanou da Seydou Boro sun buɗe La Termitière a Wagadugu a 2006.

Masu cewa rawa na ɓata tarbiyya su lura: yaron da bai samu malami ba bai fasa rawa ba, malaminsa ne kawai ya zama allon waya. Saboda haka wajibi ne ƙungiyoyin al'adu na Maradi da Damagaram da Tawa su nemi tsofaffin masu horar da samariya, su ɗauki takunsu a faifai, su haɗa su da malaman makaranta. Magadan gari kuma su ware kuɗin horo a kasafin shekara, tun waɗannan dattawa na iya miƙewa su nuna taku.