Daga Teburin Malam: Barcin Kwamfuta Iri Biyu Ne

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, iyaye da dama a Kankiya da Kusada suka matse bakin aljihu, suka saya wa 'ya'yansu kwamfutar tafi-da-gidanka, yawanci ta hannu. Kukan da nake ji kullum ɗaya ne, wai batir ba ya riƙe caji. Wuta kuwa, kun sani, ba ta sallama sa'ad da za ta tafi.

Ni ma abin ya taɓa cina. Wata Jumma'a na buga tambayoyin jarrabawar aji biyu, ban adana ba, na rufe murfin na saka a jaka. Ran Litinin na buɗe, sai na tarar batir ya mutu, aikin kwana biyu ya bi ruwa. Laifina ne, gama ban san barcin kwamfuta iri biyu ba ne.

Idan ka rufe murfi kawai, yawanci ƙaramin barci take yi, wanda aka rubuta Sleep a allonta. Aikinka yana nan a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ba ta riƙe kome sai da wuta. Saboda haka tana ta tsotsar batir kaɗan-kaɗan cikin jaka. Sabon batir yakan ba ta zarafi ta adana kafin ya ƙare, amma tsoho yakan mutu farat ɗaya. Ɗayan shi ne dogon barci, watau Hibernate. A nan takan kwashe aikin duka ta ajiye a ma'ajinta na dindindin, sa'an nan ta mutu sarai. Ko mako guda ka yi, za ka tarar da shafinka inda ka bar shi. A Windows sau da yawa wannan a ɓoye yake, sai a sa wanda ya iya ya fito da shi, ya kuma daidaita murfin domin rufewa ta zama dogon barci. Aikin minti biyar ne.

Hasken allo ma babban maciyin batir ne. Da dare a rage shi zuwa rabi, ido ma ya huta. Windows 10 takan fara tsimin batir da kanta in caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, amma yaro yana iya kunna tsimin tun da fari.

Sai zafi. A watan Afril, lokacin da rana take ƙuna a ƙasar Katsina, na sha ganin yara sun ɗora kwamfuta bisa katifa, sun toshe kafofin da take shan iska. Zafi yana tsofar da batir da wuri, sabo kuwa ba araha ba. Uwar gida, in babu tebur, ki ba yaron faifai ko allon katako ya ɗora ta a kai.