Direban hanyar Sabon Birni zuwa Isa bai kamata ya rufe fitilar "cek injin" da salatif ba

Duk wanda ya saba shiga motar haya a gabashin Sakkwato ya san abin nan: fitila mai ruwan ɗorawa tana kunne a dashbod, direba kuma ya ce ai haka take tun daga Kwatano. Wani ya liƙa mata baƙin salatif, wani ya biya mai wayarin ya cire ƙwan gaba ɗaya. A cikin gari, abin da wannan ɗabi'a za ta jawo bai wuce asarar kuɗi ba. A hanyar Sabon Birni zuwa Isa, ko Isa zuwa Shinkafi, rai ake sa wa caca. A watan Disambar 2021 'yan bindiga suka tare wata mota da ta taso daga Sabon Birni, suka cinna mata wuta a kusa da Gidan Bawa, fiye da mutum 20 suka rasu. Ba lalacewa ce ta tsayar da waccan mota ba, amma ta nuna irin hanyar da ake magana a kai. Ba wurin da za a buɗe bonet ana jiran bakanike ba ne.

Direbobi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: fitilar tana yawan yin ƙarya. Motoci da dama an cire musu tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira "indomi", don haka kwamfutar motar ba ta daina ƙorafi. Man 'yan bumburutu mai datti yana kunna ta, wayar da ɓera ya ci ma haka. Sai dai fitila ɗaya ce take ɗauke da saƙonni masu yawa. Wanda ya rufe ta saboda ƙaramin ƙorafi ya rufe ta ke nan har ranar da babban zai zo.

Gane mai gaskiya da mai ƙarya ba shi da wuya. Gwajin farko kyauta ne: a murɗa makulli dashbod ya kawo wuta, ba tare da an tayar da injin ba. Ya kamata fitilun gargaɗi su kama, su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, ko dai ƙwanta ya ƙone ko an cire shi. Mai sayen mota ta hannu ya fara da wannan kafin a yi maganar kuɗi.

Launi ma yana magana. Jar fitila mai hoton butar mai tana nufin ƙarfin baƙin mai ya faɗi. A kashe injin da zarar an sami wurin tsayawa, a duba sandar awon mai. Idan man ya cika, mai yiwuwa ƙaramin sensan ne ya mutu, kuma bakanike zai tabbatar da geji na hannu. Mai hoton batir kuwa mita ce ke raba gardama: batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, 13.5 zuwa 14.5 idan injin yana aiki. Ƙasa da haka, caji ba ya shiga.

Ita "cek injin" sai an tambayi kwamfutar motar. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu fetur. Soket ne mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka masa 'yar na'ura nau'in ELM327, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ko Car Scanner ta fito da lambar matsalar. P0420 ƙorafin "indomi" ne, mota za ta kai gida. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0300 injin ne ke tsallake wuta, kuma idan fitilar tana ƙyaftawa abin ya yi tsanani. P0335 ta shafi sensan karanshaf, wanda kan kashe mota tana cikin gudu ta ƙi tashi. Direban da ya ga wannan lamba a tashar Sabon Birni bai kamata ya yi lodi ba.

Na'urar tana da iyaka. Tsofaffin motocin Turai irin Golf 3 sukan ƙi amsa mata, sai da kebul na musamman. Lambar ma wurin ciwo take nunawa, ba ta cewa a sayi sabon sensa, domin sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya yi tsatsa. Goge lamba ba tare da gyara ba kuwa salatif ne na zamani.

Abin da ya sa ta dace da ƙasar Gobir shi ne ba ta buƙatar sabis. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumbar 2021, har da Isa da Sabon Birni, Bluetooth bai daina aiki ba. Cikas ɗin shi ne bayanin lambobin da Turanci yake zuwa. Nan masu rubuta manhaja na Arewa suke da aiki: ƙamus na lambobin OBD da Hausa, mai aiki ba intanet, da murya don wanda bai iya karatun boko ba, ya faɗa wa direba ko zai iya tafiya ko ya tsaya.

Kafin a samu hakan, ƙungiyar direbobi ta kowace tasha za ta iya sayen na'ura ɗaya, a koya wa matashi ɗaya, a duba duk motar da fitilarta ke kunne kafin ta yi lodi. Fasinja ma yana da haƙƙin leƙa dashbod ya tambayi abin da salatif ɗin yake ɓoyewa.