Fure Mai Gemu da Darasin da Ke Cikin Sunansa

A lambunan Turai akwai wani fure da ake ji da shi ƙwarai, wanda masana tsirrai ke kira Iris germanica. Kalmar Iris a harshen Girka tana nufin bakan gizo, saboda yawan launukansa. Ana ce masa mai gemu domin a kan kowane ɗaya daga cikin kunnuwan furensa uku da suka rankwafo ƙasa akwai jerin gashi mai laushi, wanda ke nuna wa ƙudan zuma hanyar shiga.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1753, cikin littafinsa Species Plantarum, inda ya kafa tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu: ta farko ta dangi, ta biyu ta jinsi. Sai dai kalmar germanica tana nufin "na Jamus", alhali asalin furen yankin tekun Bahar Rum ne. Daga baya ma bincike ya nuna cewa barbarar yanyawa ne tsakanin Iris pallida da Iris variegata. Amma ba a yar da sunan ba, domin aikinsa ba ba da tarihi ba ne. Aikinsa shi ne masanin Zariya da na Sin su tabbata a kan tsiro ɗaya suke magana.

Wannan darasi ne ya kamata ya isa makarantun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Furen mai gemu yana bukatar sanyin hunturu irin na Turai, don haka da wuya ɗalibin Zurmi ya gan shi in ba a hoto ba. Haddace sunan abin da ido bai taɓa gani ba kuwa wahala ce marar riba. Ga shi kuma furen yana da ɗan'uwa a dazuzzukan Arewa, wato rumana, wadda ke fure da damina. Sunan danginta Gladiolus, ma'ana ƙaramin takobi, saboda siffar ganyenta. Jinsin Gladiolus dalenii na Afirka yana cikin kakannin furannin da ake sayarwa da tsada a kasuwannin Turai. Ga kuma ƙarya, Adenium obesum, mai jan fure, wadda ta dace da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ruwanta dafi ne, har maharba kan shafa shi a kibiya.

Wani zai ce sunayen Latin nauyi ne a kan yaro, su ma kuma suna sauyawa. Gaskiya ne: gawo a da Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida. To amma duk sauyin da aka yi a rubuce yake, ana iya bin sawunsa. Sunan gargajiya kuwa yakan bambanta daga gari zuwa gari, kuma idan tsohon da ya san shi ya kwanta dama, sai ya tafi da shi. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, har aka sa wa itacen hano sunansa, Boswellia dalzielii. Bai kamata a ce baƙo ya fi ɗan gida kula da kayan gida ba.

Saboda haka ya dace kowace makarantar sakandare ta keɓe fili ta dasa rumana da ƙarya da lalle da zogale, a kafa wa kowane tsiro allo mai ɗauke da suna biyu, na Hausa a sama, na kimiyya a ƙasa. Ɗalibai su tambayo sunaye wurin kakanninsu da masu magani, malamai su tantance. Yaron da ya san madacin ƙofar makarantarsu shi ne Khaya senegalensis ya riga ya kama hanyar karanta abin da duniya ta rubuta a kansa.