Nas ɗin da Ta Rufe Rauninta da Gorar Ruwa

Sharhinmu na yau a kan Vivian Bullwinkel ne, nas a rundunar sojan Ostireliya, wadda ta yi shekara uku da rabi tana fursuna a hannun sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar 12 ga Fabrairun 1942, Singafo na gab da faɗawa hannun Japan, aka cusa nas-nas 65 tare da mata da yara da masu rauni cikin wani jirgin ruwa mai suna Vyner Brooke. Kwana biyu da tashinsa jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai, ya nutse. Teku ta ci nas 12. Wasu 22 suka kai gaɓar Radji a tsibirin Bangka, cikin Indunusiya ta yau, tare da wasu maza da mata da yara da suka tsira.

Da aka yanke shawarar miƙa wuya, mata da yara suka kama hanyar garin Muntok. Nas-nas ɗin suka tsaya, don akwai majinyata kwance a kan rairayi da ba sa iya ɗaga ƙafa. Ranar 16 ga wata sojojin Japan suka iso. Suka fara karkashe maza, sannan suka umarci matan su shiga teku. Da ruwa ya kai musu ƙugu aka buɗe musu wuta ta baya. Harsashi ya shiga jikin Vivian ta saman ƙugu ya fita. Ta yi lamo kamar gawa har igiyar ruwa ta maido ta gaɓa. Shekararta 26. Ita kaɗai ta rayu cikinsu.

Kwana 12 ta yi a daji tare da wani sojan Birtaniya mai suna Kingsley, tana wanke masa rauni ga nata na zuba, tana roƙo musu abinci wajen matan ƙauye. Da yunwa ta ci ƙarfinsu suka miƙa kansu. Shi bai daɗe ba ya cika.

Masu sauraro, a nan ne labarin ya fi taɓa ni. A sansani ta tarar da 'yan'uwanta nas-nas da suka fito ta wata gaɓar. Ta gaya musu abin da ta gani, suka yi alkawarin rufe baki, domin da masu gadi sun gane akwai shaida a raye, da kwananta ya ƙare. Sai ta rataya gorar ruwa daidai inda harsashi ya huda rigarta. Ku duba wannan nauyi: ka wayi gari kullum a hannun rundunar da ta kashe abokan aikinka 21, kana sunkuya wa masu gadi, kana haɗiye maganar da ke ƙona maka zuciya.

Aka yi ta yawo da su, daga Muntok zuwa Palembang har Lubuklinggau a tsibirin Sumatra. Abinci 'yar tsabar shinkafa ce mai ƙwari. Zazzaɓin cizon sauro, atuni da kumburin yunwa suka addabi sansanin, ga babu magani. Da hannunsu suke jinya, da hannunsu suke haƙa kabari. Nas 8 suka rasu a tsare. Cikin 65 ɗin nan, 24 ne suka koma gida a 1945.

A Disambar 1946 Vivian ta tsaya gaban kotun laifukan yaƙi a Tokyo ta ba da shaida. Sai dai binciken masana tarihi irin su Lynette Silver ya nuna an yi wa matan fyaɗe kafin a harbe su, kuma hukumomin ƙasarta sun hana ta faɗin haka. A ganina wannan zalunci ne na biyu, kuma daga gida ya fito.

Ta koma bakin aiki, har ta shugabanci sashen jinya na asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Fairfield a Melbourne. Ta rasu ranar 3 ga Yulin 2000 tana da shekara 84. Rigar nan mai hujin harsashi tana ajiye a gidan tunawa da yaƙi da ke Canberra, inda aka kafa mata mutum-mutumi a 2023.