An bar jaki ana dukan taiki

Shekara uku ke nan nake tara wasu ɗalibaina ranar Asabar da safe a nan Maraɗi, muna koyon haɗa ƙananan na'urori da allon Arduino. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata ɗabi'a ce da ke neman kashe mana wannan koyo tun yana jariri: da zarar aiki ya ƙi, sai a ce allon ne jabu, a sayo mai tsada.

Bana yaran suka haɗa na'urar ban ruwa don ɗan lambun lakwal. Tana auna damshin ƙasa, in ƙasa ta bushe ta kunna ɗan famfo. To amma duk lokacin da famfon ya tashi, sai allon ya mutu ya sake farawa. Wani saurayi da ya yi karatun kwamfuta ya kawo mana ziyara, ya leƙa ya ce: "Mushe, ɓata lokaci kuke yi. Wannan kwaikwayon China ne. Ku nemo Raspberry Pi ku huta." Bai taɓa waya ko ɗaya ba, bai tambayi inda famfon ke samun wuta ba. Yaran kuwa sun riga sun yarda, har sun fara lissafin karo-karo.

Na ce a dakata, a ɗauko mitar awon wuta. Muka ɗora ta, ta nuna bolt 5. Famfo na tashi, lambar ta rikito ƙasa. Ashe yaran sun jawo wa famfon wuta daga jikin allon, shi kuma allon daga kebul ɗin USB na kwamfuta yake sha, wanda ba a yi shi don ya ba da fiye da miliyampiya 500 ba. Inji kuwa lokacin tashi ya fi zuƙar wuta. Muka ba famfon batirinsa daban, muka haɗa wayar mas ɗinsa da ta allon, muka gitta masa diyod don wutar da ke dawowa in an kashe shi kada ta ƙona taransisto. Abin da muka kashe bai kai jika guda ba. Har yau na'urar tana aiki.

Da mun bi waccan shawara fa? Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce, tana tashi da Linux daga katin memori. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, katin na iya lalacewa in wuta ta yanke tana tsakar rubutu. Ƙafafunta bolt 3.3 suke ɗauka, ka kuskura ka ba su 5 ka yi asara. Ba ta ma da ƙafar karanta ma'aunin damshi irin namu sai an ƙara mata wani guntu. Ga kuɗin iyaye ya tafi, ga matsalar famfo tana nan daram, tunda ba allon ne ya jawo ta ba.

Arduino Uno kuwa, wanda asalinsa ya fito daga garin Ivrea na Italiya, guntun ATmega328P ne a cikinsa, da ma'ajiyar umarni ta kilobayit 32 kacal. Kaɗan ce, amma ta ishi ban ruwa, ƙararrawar aji da fitilar da ke kunna kanta da magariba. Wuta ta tafi ta dawo, ya ci gaba da aikinsa. Wanda aikinsa ke buƙatar Wi-Fi ya nemi ESP32. Mai son kyamara da talabijin, to nan ne Raspberry Pi ke da gurbi. Aiki ne ke zaɓen allo.

Za a ce mini araha ba ta ado. Na yarda akwai ruɓaɓɓu a kasuwa, ni ma na taɓa cin karo da ɗaya. Amma sau nawa aka yanke wa allo hukunci alhali kebul ɗin na caji ne kawai, ba shi da wayoyin aika bayani? Sau nawa kwamfuta ta ƙi ganin allo don ba a saka mata manhajar guntun CH340 ba, wanda yawancin na kwaikwayo ke amfani da shi? Sai ka canza kebul, ka auna wuta, ka gwada ɗan umarnin da ke sa fitilar ƙafa ta 13 ƙyaftawa, sannan kake da bakin cewa allo ya mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne darasin da yaro ke ɗauka. In muka koya masa cewa maganin kowace matsala saye ne, ɗan talaka zai ce wannan ilimi ba nasa ba ne, ya tattara ya bar mana. Mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, da mitarsa da dalmarsa, ya fi mu fahimtar haka, don shi sai ya gano cuta yake karɓar kuɗin magani.

Ƴan uwana malamai, in an ba ku ɗan kuɗin kayan aiki, ku fara sayen mita da wayoyi masu kyau. Duk wanda kuma ya zo ya ce allonku jabu ne, ku miƙa masa mitar ku ce bismilla, ya nuna muku.