IYALI A BAƘUNCI: INA AKE KAI YARA?

Kowace shekara, da an ɗaure dammunan hatsi an zuba rumbu, tashoshin motar Tasawa da Mayahi sukan cika da matafiya. Daga Korgom da Hawandawaki da Urafan, daga Kanembakashe da Isawan da Sarkin Hausa, samari da magidanta suna kama hanyar bida. Waɗansu Katsina da Kano suka nufa, waɗansu Ikko ko Abijan, waɗansu kuma arewa, ta Agadas zuwa Aljeriya da Libiya. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna kowace ɗaya daga cikin gundumomin nan biyu tana da mutum fiye da dubu 500, gonaki kuwa ba su ƙaruwa. Saboda haka cin rani ya zama wata sana'a ta biyu, babu mai hankalin da zai ce a hana shi.

Da can namiji shi kaɗai yake tafiya, ya komo da faɗuwar ruwan farko. Amma akwai magidanta da yawa da zama ya yi musu daɗi, ko kuwa ya yi musu tsawo, har suka aiko aka kai musu mata da ƙananan yara. Waɗansu dattawa suna ganin laifin haka, suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya san wahalar macen da aka bari ita kaɗai da ɗiya huɗu ko biyar, da daka da ɗiban ruwa da jiran saƙon da ba ya zuwa, ba zai yi saurin zargin mijin da ya ce iyalinsa su zo kusa da shi ba. Tafiya da iyali alheri ce, muddin maigida ya san nauyin da ya ɗauka. Nauyin nan kuwa kashi uku ne: takarda, da lafiya da karatu, da kuma abin da idon yaro yake gani.

Takarda tukuna

Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, tarihi kuma ya sha tabbatar da haka. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda sati biyu su fita ƙasar. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta Najeriya ta yi haka nan, mutum fiye da miliyan guda suka kwashe kayansu, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, ƴan Nijar fiye da dubu 200 suka komo gida, waɗansu da rigar wuyansu kawai. Iyakar Najeriya ma, wadda mutanen Tasawa suke ɗauka kamar ƙofar gidan maƙwabci, an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an kuma rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023.

A irin wannan rana, yaron da ba shi da takardar haifuwa shi ne ya fi kowa tagayyara. Ƙasar da aka haife shi ba ta san shi ba, ƙasar ubansa ba ta rubuta shi ba. Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 don a kai sunan jariri a rubuta. In lokacin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Wanda aka yi wa haifuwa a waje kuwa, wajibi ne ya karɓi shaidar asibiti ko ta hukumar garin, ya kai ofishin jakadancin Nijar ko na ƙaramin jakada, kamar wanda yake Kano. Magidanci yakan kashe kuɗin rago da goro ranar suna ba tare da ya ji ciwo ba, amma ya ga wuyar yinin da zai yi a bakin ofis. Ragon suna kwana biyu ne an cinye shi. Takarda kuwa ita ce za ta shigar da yaron lakwal, ta zaunar da shi jarrabawa, ta ba shi katin ɗan ƙasa ran da ya yi gemu.

Lafiya da karatu

Cuta ba ta nuna takarda a bakin iyaka. A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohin arewacin Najeriya, cutar ta yaɗu har ƙasashen maƙwabta, sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta. Yaron da ake yawo da shi daga gari zuwa gari shi ne ya fi saurin tsallake allura, domin likitan can ya ɗauka an yi masa a gida, na gida ya ɗauka an yi masa a can. Maganin wannan shi ne katin rigakafi ya zauna cikin jakar uwa tare da takardar haifuwa, a nuna shi duk asibitin da aka je, kada a manta da allurar ƙyanda in yaro ya kai wata 9.

Karatu ma haka ne. Lakwal a Nijar da Kwadebuwa da Faransanci aka saba, a Najeriya da Gana da Ingilishi, a Libiya da Aljeriya da Larabci. Yaron da aka cire daga aji uku a Mayahi aka kai Kano, bayan shekara biyu aka komo da shi, yakan tarar tsararrakinsa sun yi nisa, shi kuwa bai riƙe na can ba, ya saki na nan. Ya kamata iyaye su yanke shawara tun kafin a ɗaure kaya: in zama ne na shekaru, a sa shi makarantar can ya ɗore, in na wata shida ne, a bar shi wurin kakanninsa ya ci gaba da ajinsa. Cikin gida kuwa a riƙa yi masa Hausa. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, abin kunya ne a ce jikan Batasaye ya zo gaida kakarsa sai an nemo tafinta.

Fita da yara

Kashi na ukun nan shi aka fi rainawa. A garuruwan baƙunci iyali sukan zauna ɗaki guda na haya, cikin gida mai ɗaki goma ko fiye. Maigida ya fita tun asuba, ga tura kura, ga gadi, ga sayar da shayi ko tsire, ba ya komowa sai yara sun yi barci. Uwa ba ta san gari ba, wani lokaci ba ta jin harshen mutanensa, saboda haka ba ta wuce bakin famfo. A ƙauye yaro yana da garka da gona da dandali da gidan kawu. A birni iyakarsa lungu da bakin kwata. Yaro ya shekara biyar a Ikko ko Abijan bai taɓa ganin teku ba, alhali ɗan ƙasar da ba ta da gaɓar teku ne. Wannan hasara ce babba.

Wanda yake zaune Kano yana da Dutsen Dala, inda ake hangen birnin daga sama, da Gidan Makama mai kayan tarihi, da marinar Ƙofar Mata, da Kasuwar Kurmi wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da gidan namun daji mai sunan Audu Baƙo, ga kuma hawan salla sau biyu a shekara. Na Katsina yana da hasumiyar Gobarau, ba shi da nisa da rijiyar Kusugu ta Daura. A nan ne uba zai gaya wa ɗansa cewa sarautar Maraɗi da ta Tasawa daga Katsina tushensu yake, tun lokacin da sarakunan Katsina na dā suka hauro arewa bayan jihadi. Yaron da ya ji wannan yana tsaye gindin hasumiya ba zai manta ba, domin gani ya kori ji.

Wani zai ce wannan magana ce ta ma'aikata masu albashi, talaka mai neman na tuwo ina ya ga sukunin yawon buɗe ido. Amsa ita ce, kallon hawan salla kyauta ne, hawan Dala ko tsayawa bakin teku kuwa bai wuce kuɗin mota da ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ake bukata shi ne yammacin Juma'a guda a wata, maigida ya kama hannun babban, uwa ta goya ƙaramin, a fita tare. Ƙungiyoyin ƴan gari da suke tara kuɗi don biki da rasuwa suna iya ɗaukar mota guda bayan salla, a kai yaran unguwa gaba ɗaya. Ziyarar ƴan'uwa ma fita ce, domin zumunta a ƙafa take, a nan yaro yake koyon gaisuwa da durƙuso da sanin wane ne baffa, wace ce gwaggo.

Akwai kuma wata fita da ya wajaba a kira ta da sunanta, wato yawon bara da ƙananan yara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu daga Kance, gabas da Tasawa. A watan Maris na 2022 gwamnati ta aika jirage Dakar suka kwaso ƴan Nijar fiye da dubu guda da suke bara a titi, yawancinsu mata da yara. A watan Yuni aka kwaso waɗansu daga Gana. Talauci gaskiya ne, fari gaskiya ne, amma yaron da ya buɗe ido da ƙoƙo a hannu tsakanin motoci ya rasa karatu, ya rasa sana'a, ya rasa kunya. Mijin da yake zaune gindin gawo yana jiran abin da ɗan shekara huɗu ya roƙo, shi ne farkon wanda ya kamata a tuhuma.

Abin da ya rage ga hukuma

Masu mulkin gundumomi, da ofisoshin magajin gari, da sarakuna da masu gari da limamai, suna da lokacin da ya dace, wato tsakanin girbi da tafiya. A lokacin ne ya kamata a zaga ƙauyuka a rubuta yaran da ba su da takarda, a duba katin allura, a yi shela a gidajen rediyon karkara da ranakun kasuwa. Waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci su ne idon ƙauyensu: su karanta wa maƙwabta takardunsu, su rubuta musu sunan unguwar da ofishin jakada yake. Ofisoshin jakadanci kuma su riƙa zuwa zangon ƴan ƙasa da rajista a hannu.

Sa'an nan hutun damina na gida ne. Duk wanda ya sami hali ya kawo yara su ga gonar kakansu, su riƙe kalme, su sha furar gida, su ga Gulbin Kaba da fadar Tasawa, a kai su Maijirgi inda kabarin Bule da Shanuwan yake, sojan Faransa da suka ƙone garuruwa a 1899, a ba su labarin abin da kakanninsu suka gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka nuna wa garin baƙunci da mutunci, aka kuma nuna masa gida, duk inda ya zauna ya san inda zai komo.